Tafiyar da Yaya Ya Ƙwace Mini

Ban taɓa ganin teku ba, kuma a shekarun da nake ciki yanzu na san ba zan gan shi ba. Amma har yau in aka ambace shi a gabana sai in ji raina ya ɓaci, kuma Yayana ne sila.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan wan mahaifina ne. A gida ɗaya dai muka tashi a Ƙofar Kware, kuma uwarsa ce ta goya ni bayan tawa ta rasu, Inna nake ce mata kamar yadda yake ce mata. Mu dukawa ne tun kaka da kakanni. Da iyayenmu maza suka ƙare, rumfar aiki ta koma hannun Yaya, don shi ne babba, ni kuwa na ci gaba da zama a gefensa na hagu inda mahaifina yake zama.

Ba zan zalunce shi ba ko da yake shi ya zalunce ni. Yaya ya iya sabon aiki. Jaka, matashi, kuben wuƙa, takalmi, duk zai yanka ya ɗinka kafin ka gama gaisawa, kuma wajen ciniki babu mai kama ƙafarsa a layinmu. Amma ka ba shi tsohon abu, to, ka yi wa abin nan sallama. Hannunsa nauyi gare shi, ga gaggawa. Tsohuwar fata kuwa ba ta son a matsa mata. In an kawo gafakar Alƙur'ani ta zamanin kakanni, ta bushe ƙayau kamar ƙanzo, ba buɗe ta za ka yi ba. Naɗe ta za ka yi a ɗanyen ƙyalle ka ajiye a inuwa, kana leƙawa, har ta saki jiki. Sannan ka shafa mata man shanu kaɗan-kaɗan da tafin hannu. In za ka sa faci, sai ka rina shi da karan dafi, ka rataye a madafa hayaƙi ya dusashe masa ja har ya yi daidai da na da. Basilla kuma ba ta huda sabon rami, ramin mai aikin farko take bi, ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ne ya koya mini wannan, kuma a rumfarmu ni kaɗai nake yin sa. Duk Ƙofar Kware an san haka.

A lokacin Nasara sun kwana biyu da cin gari, har yara sun daina gudu in sun hango su. Akwai wani Bature a bariki mai son tsofaffin kaya, yana yawo kasuwa a kan doki da tafintansa, wani Bakano mai yawan dariya. Wata rana da damina ya kawo mana gafaka, ja da adon korino, koriyar fatar nan, a bakinta, gara ta ci gefe guda, maratayinta ya tsinke. Tun da na ɗauke ta na san aikin manya ne. Daminar nan gaba ɗaya a kanta na ƙare, har matata ta fara cewa ko gafakar ce za ta riƙa dafa mini tuwo.

Ranar da ya zo karɓa, ya juya ta, ya sake juyawa, ya kai ta hanci ya shinshina, sai murmushi yake. Daga nan ya zauna a kan buzu, abin da bai taɓa yi ba, ya yi dogon jawabi, tafinta yana juya mana. Ya ce a ƙasarsu akwai wani babban gida da ake ajiye kayan da, kuma a ciki akwai ɗaki guda cike da aikin fatar ƙasar nan, gafakoki, garkuwoyi, kayan sirdi, duk suna tsattsagewa don babu wanda ya san yadda ake lallashinsu. Ya ce wani attajirinsu ya mutu ya bar dukiya, kamar dai waƙafi, don a riƙa ɗauko gwanaye daga ƙasashe su je su gyara irin waɗannan kaya, su koya wa ɗalibai, su ma su ga yadda ake yi a can. Jirgi, ci da sha, sutura, duk a kansu, kuma iyalin mutum ba za su rasa hatsi ba har ya dawo. Mutum ɗaya ake so daga Sakkwato.

Wallahi nan take tafiyar ta shiga raina. Ba tufafinsu ko abincinsu ne ya dame ni ba. Ɗakin nan nake son gani. Aikin dukawan da suka mutu tun kafin a haife ni, in riƙe a hannuna, in bi raminsu da basillata, in ga inda suka fi mu. Har na fara tunanin wace wuƙa zan ɗauka.

Sai Baturen ya ɗaga gafakar ya yi tambaya, tafinta ya ce, “Ya ce wa ya yi wannan aiki?”

To, ga yadda muke yi, kuma ba mu muka fara ba. In baƙo ya yaba aiki a rumfa ya tambayi mai shi, ƙarami ba ya cewa ni ne. Rashin kunya ke nan. Babba zai nuna ya ce aikinsa ne. Shi kuma babban sai ya mayar, ya ce a'a, hannun wane ne, ni albarka kawai na sa. Ta haka kowa ya samu nasa, babba ya samu girma, ƙarami ya samu suna. Na ga mahaifin Yaya yana yi wa mahaifina haka ba sau ɗaya ba. Shi kansa Yaya ya sha yi mini a gaban malamai da attajirai.

Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, “Aikin Yaya na.”

Na jira.

Yaya ya shafa gemu. Ya dubi gafakar, ya dubi Bature, ni kam bai dube ni ba. Ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Shi ke nan abin da ya ce. Tafinta ya juya, Bature ya miƙa masa hannu yana girgizawa. Maƙwabtanmu dukawa biyu da suka zo kallo suka sunkuyar da kai, ɗaya ya yi tari ya tashi. Ni kuwa ina zaune bakina a buɗe, ina jiran sauran maganar, har kofaton doki ya ɓace a kwana.

Da aka watse na ce, “Yaya, ba ka ida magana ba.”

Ya ce, “Wace magana? Kai da bakinka kah hwaɗi.”

“Na hwaɗi don ka maido.”

Yana tattara kayan aiki yana cewa wai ni yaro ne, ban san yadda ake zama da Nasara ba, za su ruɗe ni. Wai tafiyar ta gida ce gaba ɗaya, in shi ya je kamar ni na je. Wai za a sake wata. Yaro! Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, furfura har ta fara leƙo mini a gemu saboda durƙuso a kan fatun da yake karɓar yabonsu.

Na bi ta hannun manya. Na je wa dattawan layi, kowa ya ce gaskiya ba a kyauta ba, amma in yi haƙuri, babba babba ne. Har bariki na taka da ƙafata, na yini a gindin bishiya kafin tafinta ya fito. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya riƙe ciki yana dariya.

“Kai, Sakkwatawa da kunyarku! Ai Bature ba ya jin wannan. Tambaya ɗaya yake yi, amsa ɗaya yake ɗauka. Kai ka nuna mutum da bakinka, yanzu in koma in ce masa me? Ya ce ni ne ban iya aikina ba?”

Na dawo gida rana na dukana, ban ma ji ta ba. A hanyar nan na daina baƙin ciki na koma neman inda zan rama.

Da farko ƙananan abubuwa na yi. Yaya ya san abin da ke jiransa a can, sai ya fara matsowa kusa da ni in ina gyara, wai hira yake. Da na ga inuwarsa sai in ture tsohon abin ƙarƙashin buzu in jawo igiyar takalmi in kama yanka. In ya yi tambaya in ce, “Haba Yaya, ni zan gwada maka? Kai da Nasara sunka zaɓa?” Sai ya yi yaƙe ya koma wurinsa. Ya yi mini daɗi, amma bai ishe ni ba. Na san mutumin nan, da bakinsa kaɗai zai iya zama a ƙasar Turawa har ya dawo da lambar yabo.

Amma na san shi ta wani gefen ma. Yaya matsoracin ruwa ne. Dangin Inna a Wamakko suke, kuma in gulbi ya kawo, ko biki ake ko mutuwa, ba ya shiga kwalekwale sai ya karance duk abin da ya haddace, ya riƙe gefe da hannu biyu idonsa a rufe. Tun da aka ce masa zai yi kwanaki a kan ruwan da ba a ganin gaɓarsa, barcinsa ya ragu. Na ji shi yana tambayar wani alhaji da ya taɓa ƙetare ruwa, in mutum ya mutu a jirgi ina ake binne shi. Alhajin ya ce ba a binnewa, jefawa ake. Yaya bai ci tuwo ba ran nan. Kuma duk da abin da ya yi mini, mutum ne mai tsoron mutuwa da haƙƙin wani a wuyansa. Ko allura ya ara sai ya mayar kafin ya yi tafiyar kasuwar ƙauye.

A garinmu kuwa mai doguwar tafiya ba ya fita haka nan. Gida-gida zai bi, dangi da maƙwabta da abokan ciniki, yana neman a yafe masa, don ba a san ko za a sake ganawa ba. Kowa kuma cewa yake ya yafe. Ko da gaba kuke, a ranar ba a hanawa. Tun da nake ban taɓa jin an hana ba.

Na zauna na jira ranar, ina cin abincina lafiya lau.

Da safe ne, bayan kaka. Zaurenmu ya cika har waje, an ɗaure wa jakuna kaya, ga masinjan da bariki ta haɗa shi da shi yana jira. Za su bi ƙasa har inda jirgin ƙasa yake, daga nan Ikko, daga nan ruwa. Limamin unguwa ya yi addu'a aka shafa. Yaya ya tashi yana bin mutane ɗaya-ɗaya da sabuwar rigarsa, idonsa ya yi ja, kowa na cewa mun yahe, Allah shi kai ka lahiya. Ya bar ni a ƙarshe. Ya kama hannuna da nasa biyu, har yanzu bai yarda mun haɗa ido ba.

“Ƙanena, in na taɓa yi maka wani abu, da sani ko ba sani, ka yahe min.”

In na taɓa! Ka ji mutum.

Na ce, “Ban yahe ba.”

Ban ɗaga murya ba, amma har na waje sun ji, don zauren ya yi tsit. Wani tsoho ya ce subhanallahi. Liman ya ce in sake magana, shaiɗan ne. Na ce babu shaiɗan ko ɗaya, ni ne.

Yaya ya ce, “Mi niy yi maka?”

“Ka sani. Bariki na bisa hanyarka. Ka tsaya ka gaya ma Nasara hannun wa yag gyara gahwaka, in yahe maka kahin ka hau jaki.”

Na rantse da a lokacin ya ce to, da na rungume shi, ko da tafiyar ta lalace mana duka. Amma ya dubi jama'a, ya dubi kayan da aka ɗaure, ya saki hannuna ya fita. Suka bi ta gaban bariki ba su tsaya ba, an gaya mini.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Unguwa ta juya mini baya, in na yi sallama a masallaci da ƙyar ake amsawa. Waɗanda suka ce mini ba a kyauta ba a ɓoye su ne suka fi kowa zagina a fili. Liman ya same ni a rumfa ya yi mini wa'azi mai tsawo a kan falalar yafiya. Na saurara har ya gama, don malami ne, sannan na ce, “Allah shi gafarta malam, haƙƙin nan nawa na ko na unguwa?” Ya ce nawa ne. Na ce to a bar mini abina.

Inna ce ta fi ba ni wahala. Ta aiko aka kira ni ɗakinta, ta ƙi ba ni tabarma. Ta ce ita ta goya ni, ita ta tauna ta ba ni, yau ni zan tura mata ɗa cikin ruwa da igiya a wuya? Na durƙusa na yi kuka, kuka na gaske, don ina son matar nan. Na ce mata da Yaya ya roƙe ni tafiyar, ko ita ta ce in bar masa, da na bar masa ina kuka kamar yadda nake yi yanzu. Amma bai roƙa ba, ɗauka ya yi a gaban mutane, da hannun da na miƙa masa don girmamawa. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba.

Bayan wasu makonni wani falke ya zo daga Zariya ya neme ni. Ya ce ya haɗu da Yaya yana jiran jirgin ƙasa, ya rame, ya ba shi saƙo: don Allah don Annabi in yafe, in aika da baki ko ta hannun wa, zai isa gare shi kafin ya shiga ruwa. Na tambayi falken ko Yaya ya haɗa da wani saƙo zuwa bariki. Ya ce a'a. Na ce to ni ma babu saƙo. Na sayi goro na ba shi don wahalarsa.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan na ji daɗinsu. Ina ɗinki ina ƙiyasta inda ya kai, ina cewa yau ya ga ruwan, yau cikinsa ya ɗuri ruwa tun bai shiga ba. Matata ta ce ta fara jin tsorona. Na ce ta kwantar da hankalinta, ita ba ta ƙwace mini komai ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sai ga masinjan nan ya dawo gari, kuma kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Sun isa Ikko lafiya. Ranar tafiya aka kai su bakin ruwa, ga jirgi kamar unguwa guda, mutane na hawa. Yaya ya dubi ruwan, ya dubi jirgin, sai ya zauna a ƙasa dirshan da sabuwar rigarsa. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, wani Bature har ya kama kafaɗarsa. Ba abin da yake cewa sai akwai haƙƙi a kansa, ba zai mutu a ruwa da shi ba. Jirgi ya yi kuka ya gaji.

Baturen bariki ya fusata ƙwarai. Ta bakin tafinta muka ji cewa ya rantse ba zai sake neman kowa daga layinmu ba, kuma an ba wani mutumin Kano gurbin. Wannan ya soke ni, ba zan ce bai soke ni ba. Har ranar ina da ɗan guntun fata cewa in Yaya ya kasa za a waiwayo ni. Na shige ƙuryar gida na zauna ni kaɗai, na san ɗakin nan na ƙasar Turawa ya rufe mini har abada, wani Bakano ne zai sa hannu a aikin kakanninmu, yana huda sabon rami inda ya ga dama. Na tashi na wanke fuska, haushina ya ƙaru a kan na da.

Yaya bai shigo gari tare da masinja ba. A Wamakko ya maƙale wajen kawunnansa har aka gaji da maganar, sannan ya lallaɓo gida. Ya yi kwanaki bai fito ba. Ina jin tarinsa ta katanga.

Wata safiya ina rumfa ina bin ramin wani tsohon tadarishi, bangon Alƙur'anin wani malami, sai inuwa ta rufe mini haske. Shi ne. Ya zube, wuyansa ya yi tsawo, gemun duk ya yi fari. Ya yi sallama a hankali, na amsa. Ya zauna a buzunsa na dama, ya ɗauki wuƙa ya ajiye, ya sake ɗauka. Maƙwabta suka rage aiki, kowa ya kasa kunne.

Na ja zare har ƙarshe, na ɗaure, na ciza. Sannan na ce, “Yaya, an dawo lahiya?”

“Lahiya.”

“Jirgin ya tashi?”

Ya ce, “Ya tashi.”

“Ba ya dawowa ɗaukar ka?”

Ya girgiza kai.

Na ce, “To, na yahe.”

A ranar ne ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da Bature ya ɗaga gafakar nan. Na zura sabon zare na ci gaba da ɗinkina.